Yadda muka sauya boris ɗin gaɓoɓin keken hawan dutse a Agege

Keken ya iso shago da safiyar Asabar, lokacin da ruwan Yuli ya ɗan tsagaita. Irin mai shok gaba da baya ne, gangar jikinsa ta alminiyam, takumbo, kuma mai shi a hanyoyin burji na wajen Ikorodu da Epe yake hawansa. Ƙorafinsa biyu: yana jin ƙiiƙit duk sanda ya taka feda da ƙarfi, sannan a kwana bayan keken kamar ba ya bin gabansa. Na tambaye shi inda yake wanke shi. Ya ce, "Oga, wajen masu wankin mota nake kai shi, su feshe shi da inji tsaf." Da jin haka na san inda zan fara dubawa. Injin feshin nan yana tura ruwa ta ƙarƙashin robar da ke rufe boris, ya wanke giris, ya bar ruwa a ciki. A gari kamar Legas, mai laima da iskar gishiri daga teku, ruwan da ya shiga ba ya bushewa sai ya zama tsatsa.

Amma ƙara ba ta isa hujja ba. Sirdi yana ƙara, feda tana ƙara, gindin ƙafar feda ma yana yi, kuma sandar tayar baya idan ta saki za ta kwaikwayi lalataccen boris ɗin gaɓa sak, wato mahaɗar da bayan keken yake lanƙwasawa a kanta idan shok ya motsa. Don haka na fara da su, na ɗaure abin da ya kamata a ɗaure. Sai na ajiye keken a ƙasa, na kama sirdi na ɗaga shi a hankali ba tare da tayar ta bar ƙasa ba. Na ji ƙwas kaɗan. Wannan wasan na sama da ƙasa yawanci daga bushin idon shok yake zuwa, shi ya sa na ɗora yatsa a kan idon shok ɗin yayin da yaron shago yake ɗagawa. Nan babu komai. Da na mayar da yatsan kan babbar gaɓa, wadda ke bisa gindin ƙafar feda, ya kama tayar baya yana tura ta hagu da dama, sai na ji ƙarfe yana motsi a ƙarƙashin fatata. Yatsa ya fi ido da kunne gano wannan.

Tabbacin ƙarshe sai an cire shok. Na rubuta yawan iskar da ke cikinsa a jikin kwali, na sauke iskar, na cire shi tare da tayar baya da sarƙa. Da na ɗaga bayan keken da hannu ya kamata ya tafi sumul daga ƙasa har sama, ya kuma sauko da nauyin kansa. Wannan sai ya maƙale a tsakiya, yana gurzawa kamar an zuba masa yashi, kuma akwai wuri guda da yake faɗawa ya tsaya. Dalilin wannan gurbin shi ne boris ɗin gaɓa ba ya juyawa kamar na taya. Kai da komo yake yi a ɗan taƙi kaɗan, 'ya'yansa, wato ƙananan ƙwallayen ƙarfen da ke cikinsa, suna dukan wuri ɗaya shekara da shekaru, har su haƙa wa kansu ramuka a jikin zoben.

Wannan gangar tana da gaɓoɓi huɗu, boris goma. Babbar gaɓa tana da 6902 guda biyu, wato rami milimita 15, faɗin waje 28, kauri 7. Tsakiyar lilon da ke tura shok yana da 6901 guda biyu, 12 da 24 da 6. Inda lilon ya haɗu da hannuwan sama, wato sandunan ganga biyu da ke gangarawa zuwa tayar baya, akwai 6900 guda biyu, 10 da 22 da 6. Gaɓar da ke kusa da sandar tayar baya kuwa 6800 ne guda huɗu, biyu kowane gefe, 10 da 19 da 5. Lambar tana rubuce a jikin robar, amma biyu daga ciki tsatsa da datti sun cinye rubutun, sai da baniya, ma'aunin kauri da faɗi, na auna su. Ko lambar ta fito ina aunawa, saboda akwai gangar da ke amfani da boris mai zoben ciki da ya ɗan fito waje, ko mai layi biyu na 'ya'ya kamar 3802, wanda raminsa da faɗinsa daidai suke da na 6802 amma kaurinsa 7 ne maimakon 5. Wanda ya sayi na kasuwa da lambar da ya tuna a ka zai dawo gida da abin da ba zai zauna ba.

Maganar saye ita ce ta fi ɗaukar lokaci a Legas. Boris yana nan jibge a kasuwannin kayan gyara irin su Ladipo da Owode Onirin, sai dai abin da ya fi yawa shi ne na janareto da fanka da babur, masu kauri. Idan an sami siririn ma, sau da yawa mai murfin ƙarfe ne, wanda ake rubuta wa ZZ. Wannan murfin ƙura kawai yake tarewa, ruwa wucewa yake yi ta gefensa. Wanda ake nema mai murfin roba ne a duka fuskokin, 2RS, kuma idan an sami mai alamar LLU ya fi, domin leɓe biyu gare shi da ke goga jikin zoben ciki. A guji mai alamar C3, wanda aka bar wa ƙarin sarari a ciki saboda zafin inji. A gaɓar keke wannan sararin wasa zai zama tun ranar farko. Mafi dacewa da gaɓa shi ne wanda ake kira MAX, kamar na kamfanin Enduro: babu keji a cikinsa, wato ragar da ke raba 'ya'yan da juna, an cika shi da 'ya'ya har baki, don haka nauyi yana rabuwa a kan 'ya'ya da yawa. A taya ba shi da amfani saboda gudu, amma a gaɓa da ke ɗaukar duka ba tare da juyawa ba, aikinsa ke nan. Mu sai da muka yi odarsa, ya ɗauki kwanaki kafin ya iso, kuma ni a ganina jiran ya fi sauƙi a kan kwance keken sau biyu a shekara ɗaya. Jabu ma yana yawo da sunan manyan kamfanoni. Idan sabon boris ya juya fir kamar mazari, babu nauyin giris a cikinsa, ko aka ji yana wasa a tsakanin yatsu, a mayar wa mai shi.

Kafin na taɓa ƙusa ɗaya na ɗauki hoton kowace gaɓa ta hagu da dama. Na sami kwalin taliya na zana siffar keken a kai, na huda ramuka, duk ƙusar da ta fito sai ta shiga raminta tare da washarta a jere yadda suka fito. Washoshin nan ba ado ba ne. Da yawansu suna da ɗan tudu a fuska ɗaya, kuma tudun zoben ciki yake kallo, don ya danne shi kaɗai ba tare da ya taɓa robar ko zoben waje ba. Wasu na gefen sarƙa sun fi na ɗaya gefen kauri. Guda ɗaya ta juya baya, gaɓar ta ƙage ke nan da zarar an ɗaure.

Na cire ƙafar feda ta gefen sarƙa saboda ta tare babbar gaɓa. Tiyon birki da wayar giya ta cikin hannun ƙasa suka bi, wanda ya taso daga babbar gaɓa zuwa wajen tayar baya, ban so na zubar da man birki ba, sai na kwance birkin daga mazauninsa, na rataye hannun da igiyar roba a jikin ganga don kada nauyinsa ya karya tiyon. Ƙusoshin gaɓa yawanci na alminiyam ne, masu laushi. Na share ramin kowace da tsinke har ƙasa kafin na sa alanki, domin alankin da bai zauna har gindi ba shi ke cinye kan ƙusa. An ɗaure su da gam ɗin zare, don haka wadda ta ƙi motsi na ɗan ɗumama ta kafin na sake gwadawa. A duba jikin ƙusar ma, wani lokaci akwai kibiya ko rubutu da ke nuna gefen da ake juyawa, kuma a wasu kekunan fuska ɗaya ce kawai take juyawa, ɗayar a kafe take a gurbinta.

Sandar babbar gaɓa ta haɗe da zoben ciki saboda tsatsa. Na zuba man sassauta tsatsa, na bar ta rabin sa'a, sannan na mayar da ƙusarta ciki zare huɗu ko biyar, na buga kan ƙusar da gudumar roba. Kan sandar kai tsaye ba a bugawa, bakinta zai baje ta ƙi fita gaba ɗaya.

Fitar da tsohon boris shi ne inda ake kashe ganga. Boris kuɗinsa kaɗan ne, gurbin da yake zaune a ciki kuwa idan ya lalace hannu ko lilon gaba ɗaya za a nema, kuma a nan samun na irin keken ba ƙaramin aiki ba ne. Kayan da na yi amfani da su ba masu tsada ba ne: rodi mai zare na milimita 8, notuna biyu, washoshi masu kauri, da soket-soket na sifana. A lilon, inda ramin ya ɓulle ta ɗaya gefen, na sa ƙaramin soket a bayan boris, na kifa babban soket a gaba wanda bakinsa ya fi boris ɗin faɗi, ya zauna a kan alminiyam ɗin da na lulluɓe da tef saboda fenti. Rodin ya ratsa su duka. Ina ɗaure noti, boris ɗin yana fitowa cikin babban soket a hankali. Na farko yakan saki da ƙara ɗaya, tas, daga nan sai ya biyo da sauƙi.

Gaɓar kusa da tayar baya ba haka take ba. Boris biyun da ke kowane gefe akwai ɗan dakali na alminiyam a tsakaninsu, wanda daga waje ba a ganinsa. Wanda ya ce zai turo su duka ta gefe ɗaya, dakalin zai karya. Sai an haska fitila an leƙa, a ga ko akwai shi, sannan a jawo kowanne ta fuskarsa. A nan na yi amfani da majanyi mai buɗe baki, wanda ake zurawa cikin ramin boris a ɗaure shi ya kama zoben ciki ta baya, sannan a ja. Uku sun fito lafiya. Na huɗun ya tarwatse: zoben ciki ya biyo majanyin, 'ya'yan suka zube a kan tebur jajaye da tsatsa, wasu ma sun zama gari, zoben waje kuma ya zauna daram a gurbinsa, babu inda za a kama shi.

Nan ne hannu yake son ɗaukar sukudireba da guduma, kuma nan ne ya kamata a ajiye su. Zoben yana da kwari a cikinsa, hanyar da 'ya'yan suke bi. Na sa majanyi mai girma na gaba, na buɗe shi har leɓensa ya faɗa cikin kwarin. Sannan na nemi zafi. Alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na ƙarfe idan ya ji zafi, to ko ɗumin da hannu zai iya jurewa na ɗan lokaci ya isa ya sassauta riƙon. Babu wuta a unguwar a lokacin, na'urar busar da gashi ba ta da amfani, sai muka dafa ruwa a buta muka kwarara a kan wurin. Ja biyu, ya fito. Wutar walda ko ta gas ba ta kusantar nan, tana ƙona fenti, tana kuma iya raunana alminiyam. Idan gangar ta kabon ce, ko zafin ruwan ma da taka-tsantsan, kuma ba a jingina soket a jikinta sai an tabbatar akwai ƙarfe a ƙarƙashin wurin. Wanda ba shi da majanyin yana iya mayar da zoben ciki da wasu 'ya'yan da giris ya riƙe su, ya raba su kewaye, ya sake gwada turawa a hankali.

A babbar gaɓa akwai bututu tsakanin boris biyun, wanda ke hana a matse zobban ciki idan an ɗaure sanda. Na ture shi gefe kaɗan da yatsa har gefen zoben ya bayyana, na sa fanci na buga kaɗan-kaɗan, nan sau ɗaya, can sau ɗaya a ɗaya ɓangaren, ina zagayawa. Idan aka dage da bugun wuri ɗaya boris ɗin zai karkace ya yage bangon gurbin yana fita. Bututun nan shi aka fi mantawa da shi wajen haɗawa, kuma idan aka manta sai an sake fitar da sabon boris, wanda fitarwar kan lalata shi.

Na wanke gurabun da sifirit da tsumma mai tsabta. A biyu daga ciki akwai farin gari, tsatsar alminiyam, na goge shi da soson ƙarfe mai laushi, iya garin kawai. Sanfefa mai kaushi tana faɗaɗa gurbi, kuma abin da ke riƙe boris bai wuce kashi biyu ko uku cikin ɗari na milimita ba. Tunda komai a kwance yake, na bi bakin kowace walda da fitila ina neman tsaga, musamman kewayen babbar gaɓa da ƙarƙashin hannun ƙasa na gefen sarƙa. Tsaga ma tana yin ƙiiƙit iri ɗaya. Alhamdu lillahi babu.

Wajen sa sabo ƙa'idar ɗaya ce: zoben waje kaɗai ake turawa. Duk ƙarfin da ya bi ta zoben ciki ta kan 'ya'yan zai wuce, ya bar tabo a hanyarsu, boris ɗin ya tsufa kafin a hau keken. Na zaɓi soket wanda bakinsa ya zauna daidai a kan zoben waje, ya kuma ɗan gaza gurbin faɗi don kada ya maƙale. Tsohon zoben waje ma yana yin wannan aikin idan an ɗan rage shi da dutsen wasa wuƙa. Na shafa giris siriri a bangon gurbin, na ɗora boris da yatsa ya tsaya daidai, na zura rodi, na fara ɗaurewa kwata-kwatan juyi, ina tsayawa ina duba shi ta kowane gefe. Milimita ta farko ita ce komai. Ɗaya daga cikin 6901 ya fara shiga a karkace, na gane ne da notin ya yi nauyi tun da wuri, gefe ɗaya kuma ya fi nutsewa. Na sassauta, na fitar da shi, na duba gurbin bai ji ciwo ba, na sake farawa. Da na ci gaba da ɗaurewa da fatan zai miƙe da kansa, da ya aske alminiyam ɗin. Idan ya kai ƙasa ana ji a hannu, notin ya tsaya cak, kuma daga nan ba a ƙara ko rabin juyi. MAX ɗin da ke da ɗan gurbin zuba 'ya'ya a fuska ɗaya, ko mai roba launi biyu, a bi yadda mai ƙera shi ya ce a fuskantar da shi.

Bayan kowanne ya zauna na juya shi da yatsa. Tara sun juya da nauyin giris, sumul. Ɗaya a lilon kuwa, 6900 na hagu, da yatsa kawai ya shige gurbinsa, alamar wani ya taɓa fitar da na da da duka har gurbin ya faɗaɗa. A irin wannan giris ba ya magani. Na fitar da shi, na wanke gurbin da jikin boris ɗin da sifirit har suka bushe, na shafa Loctite 641, wanda aka yi don riƙe boris kuma ana iya fitarwa daga baya, na mayar na bar shi ya kama. Idan da an bar shi haka, zoben waje zai riƙa juyawa a cikin alminiyam, ƙarar ta dawo cikin mako biyu, gurbin kuma ya ƙara buɗewa.

Akwai masu ɓalle robar sabon boris su ƙara masa giris. A kan na kasuwa mai keji ina yin haka, da bakin reza a hankali ta gefen waje, domin giris ɗin da ke cikinsa kaɗan ne, an sa shi don gudu. A kan MAX ban taɓa ba, a cike suke zuwa, kuma robar da ta lanƙwashe ba ta sake rufewa kamar da. Abin da na yi wa duka goman shi ne na shafe fuskar robar ta waje da giris mai jure ruwa, irin na injin jirgin ruwa, kafin na ɗora washa. Yana kama ƙura ta waje, gaskiya ne, amma a daminar Legas gara ƙura a waje da ruwa a ciki.

Wajen haɗawa na bi kwalin daga ƙarshe zuwa farko. Giris a jikin sanda, zaren kuma a bushe da ɗigo ɗaya na shuɗin gam, Loctite 243. Giris da gam ba sa haɗuwa a zare ɗaya. Ɗan giris a bayan kowace washa yana manne ta a wurinta yayin da ake zura hannun, in ba haka ba tana zamewa ta faɗa ba a gani ba. Na sa dukkan ƙusoshin da hannu tukuna, babu wadda na ɗaure, sai da gaɓoɓin huɗu suka haɗu kowace ta sami mazauninta. Sannan na ɗauko sifana mai auna ƙarfin ɗauri, na fara da babbar gaɓa, na bi sauran. Adadin yana rubuce a kan kowace ƙusa, kuma shi ake bi, domin kowane kamfani da nasa. Ƙananan ba sa ɗaukar abin da babbar ke ɗauka. Ɗaurin ji-da-hannu a ƙusar alminiyam ko dai ya tsinke ta, ko ya bar ta ta saki a hanya. Bayan kowace gaɓa ina ɗaga bayan keken in sake shi. Idan ya yi nauyi bayan ɗaure wata, matsalar tana wannan gaɓar, washa ce ta juya ko boris bai kai ƙasa ba, kuma gano ta a lokacin ya fi sauƙi a kan bayan an gama.

Da na ɗaure ta ƙarshe bayan keken ya sauko da nauyin kansa ba tsayawa, babu wasa hagu ko dama. Na mayar da shok, na ga idonsa ya faɗa mazauninsa ba tare da an tanƙwara komai ba, na cika masa iskar da na rubuta a kwali, na mayar da birki da ƙafar feda da sarƙa. Aikin hannu ya ci kusan awa biyar, awa ɗaya daga ciki a kan zoben nan da ya maƙale.

Mai keken ya zo da la'asar ranar da muka gama yana son ya hau ya tafi. Na ce masa, "Alhaji, ka bar shi ya kwana, gam ɗin sai ya yi awa 24 yake gama kamawa." Na kuma ce ya dawo da shi bayan fita biyu ko uku in sake bin ƙusoshin da sifana, ya riƙa wanke shi da bokiti da soso, idan kuma ruwa ya same shi a hanya ya goge gaɓoɓin ya ajiye shi inda iska ke ratsawa. Na zuba masa tsofaffin boris ɗin a leda, har da wanda ya tarwatse, na rubuta lambobin huɗu da adadin kowanne a jikin takarda, don ya yi odar wasu ya ajiye kafin damina mai zuwa.